Ankon Alhassan

A shekarar 1974, shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya koro mutanen ƙauye zuwa birni, Falalu da Alhassan suka fara haɗuwa. Falalu sabon shiga ne a wata masaƙa da ke Bompai a Kano. Ya shiga ɗakin rini da farar rigarsa ta ɗakin gwaji zai ɗebi ruwan rini a kwalba, sai wani bututu ya yi tsartuwa, ruwan soda mai zafi ya fallatsar masa a fuska. Ya ƙwalla ƙara, ya kai hannu zai murje ido. Wani lebura da ke tura amalanken yadi ya saki amalanken, ya buge masa hannu, ya shaƙo wuyan rigarsa, ya ja shi zuwa famfo ya danna kansa a ƙarƙashin ruwa. Falalu yana shure-shure yana zaginsa, shi kuwa bai sake shi ba sai da tufafinsu duka suka jiƙe sharkaf. A asibiti likita ya ce ruwan nan ne ya ceci idanun. Ɗan tabo kawai ya rage a ƙarƙashin na hagu. Leburan nan shi ne Alhassan.

Idanun nan kuwa su ne abincin Falalu. Aikinsa duba launi. Duk yadin da ya fito daga rini sai an yanko ƙyalle an kai masa, ya ɗora shi kusa da samfurin da mai kaya ya bayar, ya duba a hasken taga, ya ce ya dace ko bai dace ba. Ɗan gidan malamai ne na cikin birni. Ya gama sakandare ya tafi jami'a a Zariya yana karatun fiziks, ilimin da ke bin diddigin haske da zafi da motsin abubuwa. Yana shekara ta biyu mahaifinsa ya rasu ya bar masa uwa da ƙanne, ya tattaro littattafansa ya dawo Kano. Ba a taɓa jin ya koka da wannan ba. Abin da karatun ya bar masa hali ne guda, ba ya cewa "haka ne" sai abu ya tabbata. In da sauran shakka sai ya ce "kusan haka," har ma'aikata suka laƙaba masa Malam Kusan-haka. Akwai wani injiniya Ba'indiye a masaƙar da ake aiko wa mujallun kimiyya daga Ingila. In ya gama da su sai ya ajiye wa Falalu, sun tsufa, da shatin kofin shayi a bangonsu. Falalu kan karanta su da hutun rana a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin rini, inda Alhassan ke cin rogo da ƙuli.

Waɗanda suka san Bompai a wancan lokaci za su tuna yadda titi kan cika da kekuna idan jiniya ta yi kukan canjin shif, masu fita da masu shiga suna gaisawa ba tare da sun sauka ba. A cikin wannan cunkoso za ka ga su biyun, ɗaya da farar riga, ɗaya da rini har gwiwar hannu.

Alhassan mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, kuma ɗan tagwaye ne. Shi da ɗan'uwansa Husaini tare suka shigo Kano neman aiki. Shi ya samu a Bompai, Husaini ya samu a wata majema da ke Challawa. Duk wanda ya gan su tare sai ya yi dariya: fuska ɗaya, hula a karkace gefe ɗaya, kowannensu sai ya yi ɗan tari kafin ya yi magana. A 1976 Husaini ya bi wata motar ɗauko fatu, ya ce ba zai daɗe ba. Bai dawo ba. Ya bar matarsa Hansatu da goyon 'yarsu Binta. Alhassan ya kwaso su zuwa gidan hayarsa a Dakata, suka zauna tare da matarsa Zaituna.

A garinsu Alhassan ba a yi wa ɗan tagwaye abu a bar ɗayan. Tun suna yara, in an saya wa wannan hula sai an saya wa wancan. Rashin Husaini bai sa Alhassan ya bari ba. Duk ƙaramar Sallah, idan masaƙa ta sayar wa ma'aikata yadi mai ɗan aibi, sai ya sayi na riga biyu ya kawo wa Falalu.

"Malam Kusan-haka, yau ba na son kusan haka. Rini ɗaya nake so. Kada ta Husaini ta fi tawa duhu, ya dawo ya ce na zaɓe mai kyau. Duba min da idon nan nawa, ai aro na ba ka."

Kullum haka yake faɗa, kullum kuma Falalu sai ya kai yadin taga ya duba da gaske. Tela ya ɗinka, Alhassan ya sa ɗaya ya tafi Idi, ɗayar a ninke ta a sa a adaka da kafur.

Sai kuma maganar haƙarƙari. Idan haƙarƙarinsa na dama ya soke shi, Alhassan sai ya ce Husaini ne ba shi da lafiya, ya yi sadakar ƙosai. Idan ya tashi da nishaɗi ba dalili, Husaini ne ya yi ciniki. Da azumin 1979, wanda aka yi zaɓe a cikinsa, ciwon ya kwantar da shi sosai. Da ya miƙe ya ce, "Husaini ya sha da ƙyar, amma ya sha." Sau biyu kawun Hansatu yana zuwa daga ƙauye yana roƙon a bar ta ta kai magana gaban alƙali a raba auren tun da sauran ƙuruciyarta. Alhassan ya ce mijinta yana da rai, yana kuma hanya, shi ya ji a jikinsa. Kawun ba shi da inda zai ajiye ta, ita kuma tana jin nauyin mutumin da ya riƙe ta da 'yarta. Ta zauna tana dafa shinkafa da wake na sayarwa, shekaru suna wucewa.

Zuwa 1983 Bompai ta fara gajiya. Kayan rini ba sa shigowa daga waje, shif uku ya koma biyu, rabin injina a kashe. A Sharaɗa an rufe wasu ƙofofi an maƙala kwaɗo. Ma'aikaci kan duba fuskar fomen tukuna kafin ya gaishe shi. Falalu kansa idanunsa sun fara ruwa idan yamma ta yi. A wannan lokaci ne ya buɗe wata mujalla ya ga labarin wani gwaji da masana suka yi a Faransa shekarar da ta gabata. Ya karanta, ya koma farko. Rabon da wani abu ya faranta masa haka tun yana Zariya. Ba kowa a kusa sai Alhassan, don haka shi ya gaya wa.

"Alasan, ajiye rogon nan ka ji. Haske da kake gani ƙwayoyi ne, ƙanana ƙwarai. To akwai wata na'ura da ke fitar da su biyu-biyu, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma. A kowane gefe an tare hanya da wani abu kamar gilashi mai tace haske, ana iya juya fuskarsa. Ƙwayar ko ta wuce ko ta ƙi. In aka jera sakamakon gabas da na yamma, sai a ga suna dacewa da juna."

"Tagwaye ke nan."

"Tsaya tukuna. An daɗe ana gardama a kan dalilin dacewar. Wasu manyan masana suka ce ai anko ne."

Alhassan ya tuntsure da dariya. "Anko? Na matan biki?"

"Shi fa. In ka ga mace a Dakata da wata a Sharaɗa da atamfa iri ɗaya ranar biki, ba ka mamaki. Tun a gida suka shirya. To haka aka ce ƙwayoyin nan suke, kowace ta fito da amsarta a ƙulle tun daga cikin na'urar. Sai wani masani ya yi lissafi ya nuna cewa in anko ne, dacewar tana da iyaka, muddin ana juya gilasan nan fuska daban-daban. Shirin gida ba zai iya wuce wannan iyakar ba. An gwada a Amirka shekarun baya, aka wuce ta. Waɗannan na Faransa kuma sun ƙara wayo, sai ƙwayoyin sun baro gida suna kan hanya sannan ake sauya fuskar da za a tare su da ita, yadda babu lokacin da wannan za ta aika wa waccan labari. Duk da haka an wuce iyakar."

"Wato ba anko ba ne."

"Kusan haka. Akwai sauran 'yan kafofi da masu gardama ke nunawa. Amma ga alama ba anko ba ne."

Alhassan ya daɗe yana kallon bututun hayaƙi. "Suna nesa da juna, ba waya, ba ɗan aike, amma wannan ta san abin da ya samu waccan."

"Ban ce ta sani ba."

Jiniya ta yi kuka ta cinye maganar. Alhassan ya miƙe yana murmushin da Falalu ya daɗe bai gani a fuskarsa ba.

Ba a jima ba, duk mai zama a dakalin masallacin layinsu a Dakata ya ji cewa Turawa sun sa tagwaye a inji sun tabbatar. Kawun Hansatu ya sake zuwa, Alhassan ya sallame shi da wannan magana, ya ce ba shi ya faɗa ba, Malam Falalu ne, wanda ya yi jami'a.

Falalu bai sani ba sai wata Lahadi da ya je gaishe su, ya tarar Alhassan ya tafi kasuwa. Hansatu ta kawo masa ruwa a soro, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ba ta koma ba.

"Malam, in tambaye ku mana."

"Ina ji, Hansatu."

"Wai ku kuka ce an gwada a ƙasar Turawa, baban Binta yana nan tafe?"

Ba kuka take ba. Ta yi tambayar kamar mai tambaya ko ruwan famfo ya zo. Falalu ya dubi hannuwanta da murhu ya gasa, ya tuna yarinyar da ya gani da goyo ranar da aka kawo ta gidan. Ya ce, "Ban ce haka ba."

Ta ce, "To," ta koma ciki.

Washegari a gindin darbejiya ya ce, "Alasan, maganar da na gaya maka, ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Ƙwayoyin haske aka gwada, ba mutane ba. Kuma ko a can babu labarin da ke wucewa. Wanda ke zaune a gefen gabas ba ya ganin komai sai ta wuce, ta ƙi, ta ƙi, ta wuce, kamar ana jefa kobo. Ba zai taɓa gane abin da ke faruwa a yamma daga inda yake ba. Sai wani ya tashi da ƙafarsa ya ɗauko sakamakon wancan gefe an jera su, sannan dacewar take fitowa."

"To ni da Husaini fa?"

Da wani ne da ya yi shiru. Falalu bai iya ba.

"Ku anko ne. Ciki ɗaya, nono ɗaya, tuwo ɗaya. Duk abin da kuka yi kama a kansa daga gida kuka fito da shi. Haƙarƙarinka kuma amalanke ne, shekara da shekaru kana tura shi da gefe ɗaya."

Alhassan ya ajiye rogon. "Ni kake ce wa ɗan anko? Da gemuna?"

"Ba zagi ba ne."

"Yau kuma babu kusan haka?"

"Yau haka ne."

"Da na sani, ranar nan da na bar ka ka murje idon."

Ya tashi, bai ƙara zama a gindin darbejiyar ba. Da Sallah ta zo ya sayi yadin riga biyu, bai kawo wa Falalu ba. Falalu ya hango shi ta taga yana gwada su da kansa a rana. Ya ga ɗaya ya ɗan fi ɗaya ja, bai fita ya gaya masa ba.

A farkon 1984 kayan rini suka ƙare ƙaf, masaƙa ta tura kowa hutun dole, ba a faɗi ranar dawowa ba. Wasu suka tafi ƙauye, wasu suka koma dako a Kantin Kwari. Falalu ya zauna a gida, maganar da ya faɗa da bakinsa tana dawo masa, cewa sai wani ya tashi da ƙafarsa. Ya tuna wata rana shekarun baya suna tafiya da Alhassan a Fagge, wani dillalin fata ya tare Alhassan da fara'a ya ce, "Kai kuma yaushe ka baro Mubi?" Alhassan ya ce ba shi ba ne, ya ja hannun Falalu suka wuce da sauri, bai ƙara tada zancen ba. A lokacin Falalu ya ɗauka haushi ne. Yanzu ya gane tsoro ne, tsoron abin da zai ji in ya bi maganar.

Ya hau kekensa ya tafi Challawa, inda warin majemu ke tarbar mutum tun daga nesa, ya bi direbobin da ke sauke fatu yana tambaya. Ba shi da hoto. Cewa yake, dogo ne, hularsa a karkace, yana tari kafin ya yi magana. Wani direba ya ce akwai mai kama da haka a wani shagon fata bayan kasuwar dabbobi ta Mubi, sai dai shi wancan ɗingishi yake. Falalu ya biya ta Dakata lokacin da ya san Alhassan ba ya gida, ya roƙi Zaituna ta ɗauko masa riga ɗaya daga adakar. Ta ɗauko wata shuɗiya da shi da kansa ya duba rininta, ta miƙo masa ba ta tambayi dalili ba. Ya bi motar direban nan da za ta koma ba kaya.

Hanya ce doguwa, ya isa jikinsa duk ya yi tsami. Neman dai bai ba shi wuya ba. A cikin wani shago na kwano wani mutum ya sunkuya yana watsa gishiri a fatar akuya. Ya ɗago, ya yi tari, sannan ya amsa sallama. Fuskar Alhassan ce, sai dai ta fi rama, furfura kuma ta fi yawa. Idon da ya saba gwada ƙyalle da ƙyalle ya ga rini ɗaya ne, ɗaya ya fi shan rana.

Suka zauna a kan buhunan gishiri. Husaini bai yi musu ba, bai kuma ba da dogon dalili ba. Ya zo, abubuwa ba su tafi yadda ya zata ba, kunya ta hana shi komawa, shekara ta zama shekaru. Ya yi aure, yana da yara. Ƙafar kuma mota ce ta kife da su da daminar 1981, ya daɗe a kwance wurin maɗori. Falalu ya tuna daminar nan. Alhassan lafiyarsa lau, har rediyo ya saya yana damun mutane da shi.

"Azumin da aka yi zaɓe a cikinsa fa? Ba ka yi ciwo ba?"

Husaini ya yi tunani. "Ƙalau nake. Bayan Sallar nan ma na yi auren."

Falalu ya kwance ƙullin da ya zo da shi ya miƙa masa rigar, ya gaya masa akwai 'yan'uwanta a adaka, ta kowace Sallah. Husaini ya ɗora ta a cinya, ya ɗaga hannuwansa masu gishiri ya rasa inda zai goge su.

"Har yanzu yana yin wannan abin?"

"Bai taɓa fashi ba."

Sannan Falalu ya faɗa masa halin da Hansatu ke ciki, bai ƙara ba, bai rage ba. Bayan la'asar Husaini ya sa rigar, ya kira limamin unguwa da mai shagon, a gabansu ya sawwaƙe wa Hansatu, aka rubuta. Ya tambayi tsawon Binta, Falalu ya nuna masa da hannu. Ya ce zai zo da Sallah. Falalu ya ji, ya san wannan ko kusan haka bai kai ba.

Da ya dawo Kano ya wuce Dakata kai tsaye. Alhassan yana ƙofar gida yana gyaran sarƙar keke. Ya ga Falalu, ya mai da kai ga sarƙar. Falalu ya zauna a dakali ba a ce ya zauna ba, ya faɗi komai a jere yadda yake faɗin sakamakon launi. Husaini yana da rai, yana Mubi, yana ɗingishi. Ya yi aure. Ya sawwaƙe wa Hansatu. Da azumin zaɓe kuma ko ciwon kai bai yi ba.

Alhassan bai ɗago ba. "Zaituna ta ce ka ɗauki shuɗiyar. Ta yi masa?"

"Ta yi yawa a kafaɗa."

"Ya rame ke nan." Ya juya fedar da hannu, sarƙar ta hau. "Hular fa?"

"A karkace. Gefen dama, kamar taka."

Alhassan ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Anko."

"Anko."

Ya goge hannunsa a tsumma, ya karɓi takardar sakin, ya shiga da ita cikin gida da kansa. Falalu ya jira ya ji ko za a yi kuka. Ba a yi ba. Ƙarar murfin tukunya kawai ya ji.

Bayan ta gama idda Hansatu ta auri wani tela a Na'ibawa, ta tafi da Binta. Husaini bai zo da Sallah ba. Masaƙa ta buɗe da shif ɗaya, aka kira Falalu, ba a kira Alhassan ba. Alhassan ya samu aiki a wata majema a Challawa, yana tafiyar nan mai nisa a kan keke, haƙarƙarin yana soke shi, yanzu sai ya shafa man zafi, ba ya cewa Husaini ne. Falalu ya fara sa tabarau. Injiniyan Ba'indiye ya koma ƙasarsu, mujallu suka daina zuwa, Falalu bai sake jin yadda aka ƙare da gardamar ƙwayoyin haske ba. Ban da Alhassan, bai taɓa ba kowa labarin tafiyarsa Mubi ba. Abin da aka sani daga bakin Zaituna aka ji.

Da azumin shekarar da ta biyo baya ya kusa ƙarewa, mai gadi ya leƙo ɗakin gwaji ya ce ana sallama da Malam a ƙofa. Alhassan ne, da yadi biyu a ƙarƙashin hammata, na kasuwa. Ya ce in an ɗinka, ɗaya zai ba direban motar fatu ya kai Mubi, a kuma rage kafaɗar.

"Duba min, Malam," ya ce. Ya dubi tabon da ke ƙarƙashin tabarau, ya yi ɗan tari. "Duba min da idonka."

Falalu ya ji kalmar, yau Alhassan bai ce idon nasa ne ba. Ya karɓi yadin, ya juya baya ga rana, ya jera su a kan sirdin keken Alhassan.